Yadda Za Ka Tsara Tafiya Mysuru, Garin Sandal da Yoga a Kudancin Indiya

Duk wanda ya san turaren wuta na Maiduguri ko humrar da ake haɗa wa amare a Kano ya san ƙamshin sandal, ko da bai taɓa ganin icen a tsaye ba. Ɗaya daga cikin garuruwan da sunansu ya fi haɗuwa da wannan ice shi ne Mysuru, wanda da yawa ke kira Mysore har yanzu, duk da cewa an sauya rubutun sunan a hukumance a 2014. Yana jihar Karnataka, tazarar kusan kilomita 140 kudu maso yamma da Bengaluru. Mutanenmu da ke zuwa Indiya neman magani, karatu ko sarin kaya galibi sukan tsaya a Delhi, Mumbai ko Bengaluru su juyo. Ina ganin wanda ya kai Bengaluru yana da kwana huɗu a hannu bai leƙa Mysuru ba, ya yi asara.

Sai dai garin ba ya son mai gaggawa. Mai gaggawa shi ne ke dawowa da kwalbar man da ba sandal ba, ya biya kuɗin sandal. Don haka na jera matakan nan yadda hancinka zai fara sanin na gaskiya kafin ka ciro kuɗi.

Mataki na farko: takardu, tun kana gida

Fara da katin rigakafin shawara, katin nan mai launin ɗorawa. Indiya ba ta sassauci a kansa ga masu zuwa daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da maƙwabtansu. Allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, kuma wanda ya sauka babu ingantaccen kati ana iya killace shi har kwana 6. Ka yi ta da wuri, a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Lokacin neman biza ka tambaya ko ana buƙatar shaidar rigakafin shan inna ma.

Ofishin jakadancin Indiya yana Abuja, akwai ƙaramin ofishi a Legas, akwai kuma ofishin jakadanci a Yamai. Nemi bizar da ta dace da abin da ya kai ka. Bizar yawon buɗe ido ta wadatar ga ziyara da gajeren kwas na yoga, wato salon motsa jiki da sarrafa numfashi na Indiya, amma karatun jami'a ko jinya kowanne da tasa. Ranar ƙarewar biza kuwa ka riƙe ta da kyau, domin wuce wa'adi babban laifi ne a can, yana jawo tara da tsarewa da hana dawowa.

Daga Kano ko Abuja ana zuwa Bengaluru ta Addis Ababa ko ta Doha. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Lokaci mafi daɗi shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, sanda iska ke da sanyi-sanyi. Maris zuwa Mayu akwai zafi, ko da yake garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 770, zafinsa ba zai ba ɗan Sakkwato tsoro ba. Daga Yuni damina ke kankama.

Mataki na biyu: daga filin jirgi zuwa masauki

Hanya mafi sauƙi ga baƙo mai kaya ita ce motar gwamnatin jihar da ake kira Flybus, wadda ke ɗauka daga harabar filin jirgin Kempegowda kai tsaye zuwa Mysuru, ba sai ka shiga cunkoson cikin Bengaluru da akwati ba. Ka ware mata awa huɗu. Idan kana cikin Bengaluru ne, jirgin ƙasa ya fi: masu sauri irin su Shatabdi da Vande Bharat suna kai ka cikin kimanin awa biyu, amma ka sayi tikiti kwanaki kafin tafiya. Babbar hanyar mota da aka buɗe a 2023 ita ma ta rage nisan sosai.

Kafin ka biya kuɗin otal, ka tabbatar suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Doka ta wajabta wa masauki ya yi rajistar kowane baƙo a wata takarda da ake kira Form C, kuma ƙananan masaukai da yawa ba sa son wannan ɗawainiya, sai su ce babu ɗaki bayan ka iso da dare. Aika saƙo ka tambaya, ka ajiye amsar a wayarka.

Unguwa kuwa ta danganta da niyyarka. Mai son kasuwa da fada ya sauka kusa da titin Sayyaji Rao, inda kusan komai ake zuwa da ƙafa. Mai yoga ya nufi Gokulam. Wanda ke son jin kiran salla da samun naman halal a kusa ya duba wajen Mandi Mohalla da titin Ashoka, inda Masjid-e-Azam yake.

Cikin gari za ka ga A Daidaita Sahu ko'ina, don asali daga Indiya ake kawo mana su. Su suna ce masa "oto". A tashar jirgin ƙasa akwai rumfar da ake yanke kuɗin tafiya tun kafin ka hau. A sauran wurare ka yi ciniki kafin ka zauna, ko ka kira ta Uber ko Ola. Ana tuƙi a hannun hagu, don haka in za ka tsallaka titi ka fara duban dama. Ka riƙe ƙananan takardun rufi, kuɗin Indiya, na 10, 20, 50 da 100, domin 'yan gari da waya suke biyan kusan komai, canji yakan yi wuya, kuma wannan tsarin biya ta waya ba ya buɗuwa ga baƙo cikin sauƙi. Yaren garin Kannada ne. Kalmomi uku za su yi maka aiki kullum: "namaskara" ta gaisuwa, "eshtu" wato nawa, da "beda" wato ba na so.

Mataki na uku: ka fara horar da hancinka

Safiyar farko kada ka shiga kasuwa da niyyar saye. Ka nufi masana'antar man sandal ta gwamnati, wajen titin Manandavadi, a ranar aiki. Tarihinta ya koma lokacin Yaƙin Duniya na Farko: da can icen ake lodawa zuwa Turai, da yaƙi ya toshe hanya sai ya taru jibgi, sarki Krishnaraja Wodeyar na Huɗu da wazirinsa M. Visvesvaraya suka sa a fara tatsar man a gida. Daga wannan yunƙuri ne sabulun Mysore Sandal ya samo asali, wanda har yau kamfanin gwamnatin jihar ke yi.

Abin da za ka koya a nan shi ne dalilin tsadar. Man ba ya cikin ɓawo ko ganye, yana can cikin zuciyar icen da saiwarsa, kuma bishiyar sai ta shekara 15 ko fiye kafin zuciyar ta yi ƙamshin kirki. Ana niƙa icen ya zama gari, a turara shi da tururi na tsawon kwanaki, sannan a sami ɗan mai kaɗan daga tulin ice. Tun 1792 Tipu Sultan, mai mulkin ƙasar Mysore a lokacin, ya ayyana sandal a matsayin bishiyar sarauta, kuma har yanzu saransa da fataucinsa suna ƙarƙashin tsauraran dokoki. In ka fahimci wannan, duk wanda ya miƙo maka babbar kwalba a kan kuɗin shayi ya ce tsantsar sandal ce, ka san amsar da za ka ba shi.

A shagon masana'antar ka nemi a ɗiga maka ɗigo ɗaya a bayan hannu. Ka lura da kaurinsa, da launinsa mai ɗan ruwan zuma. Ƙamshinsa ba ya dukan hanci da farko. A hankali yake tasowa, mai laushi da ɗumi, kuma bayan awanni yana nan. Na jabu yakan yi ƙarfi a minti na farko, da ɗan yaji ko zaƙi mai hawa kai, sannan ya gudu ko ya juye. Ka bar wannan ɗigon a hannunka na dama, ka bar na hagu domin gwaji a kasuwa.

Masaƙar siliki ta gwamnati, wadda ta faro a 1912, tana kan titin nan. Ko ba za ka saya ba, shiga shagonta ka taɓa yadin, ka ji nauyinsa, ka ga farashi. Shi ma ma'auni ne.

Mataki na huɗu: kasuwar Devaraja

Wannan ce zuciyar tafiyar. Kasuwar tana kan titin Sayyaji Rao, gininta tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin sarki Chamaraja Wodeyar. Ta tsufa, har wani sashenta ya rufta a 2016, kuma an daɗe ana jayayya tsakanin masu son a rushe a sake gini da masu son a gyara ta yadda take. Ni dai ina tare da masu gyara.

Ka je sau biyu. Zuwan farko da sassafe, wajen ƙarfe bakwai, lokacin da ake sauke furanni. Layin masu fure shi ne abin da ba za ka manta ba: tarin yasmin fari da suke kira mallige, da furanni ruwan lemo da jajaye, maza da mata zaune suna ɗaure su a zare da saurin da ido ba ya bi. Da kamu ake auna zaren furen a sayar. Sayi kamu ɗaya ka ajiye a ɗaki, zuwa dare za ka gane abin da ya sa matan garin ke sa shi a gashi kullum. Daga nan ka bi layin ayaba, ka tambayi wadda ake kira Nanjangud rasabale, 'yar gajera mai ƙamshi da ake nomawa a yankin kaɗai. Za ka wuce tulin garin kala ja da rawaya da shuɗi da aka tsara kamar dala, da ganyen da ake taunawa, da dunƙulen mazarƙwaila. Wannan zagayen na kallo ne da tambayar farashi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Zuwa na biyu, da yamma ko washegari, shi ne na saye. Ga yadda za ka bi da turaren tsinke. Iri biyu ne. Akwai wanda ake kwaɓa garin itace da ƙaro da kayan ƙamshi a mulmula a jikin tsinken gora, launinsa ƙasa-ƙasa, jikinsa da ɗan gari-gari. Akwai kuma baƙi, na gawayi, wanda ake tsomawa cikin turaren ruwa. Na biyun ya fi arha, ya fi ƙarfi a cikin kwali, amma hayaƙinsa yakan sa ciwon kai kuma ƙamshin yakan tashi bayan 'yan watanni. Na farkon ya fi dacewa da wanda zai kai tsaraba ko zai sayar. Kada ka yanke hukunci da shinshina kwali. Ka ce a kunna ɗaya, ka ja baya taku uku, ka ji abin da iska ta kawo. Sana'ar ta kafu a garin sosai, kamfanin da ke yin turaren tsinke mai suna Cycle ma a nan aka kafa shi a 1948, don haka zaɓi ba zai yi maka ƙaranci ba.

Masu man turare za su jera maka ƙananan kwalabe: yasmin, wardi, miski, bado da sauransu. Yawancinsu haɗi ne, kuma haɗi ba laifi ba ne matuƙar an sayar maka da shi a farashin haɗi. Gwada iri biyu ko uku kawai, don bayan haka hanci ya gaji. Shafa a hannun hagu, fita ka sha shayi, ka dawo bayan rabin awa. Abin da ya rage a fatarka shi za ka saya. Ciniki ana yi, cikin fara'a, kuma in ka sayi da yawa ragi ya fi sauƙi.

Akwai wata dabara da ta shahara a garin. Wani saurayi mai fara'a, ko direban oto, zai tare ka kusa da fada ya ce yau ce ranar wata kasuwar turare ta musamman, ko ya ce kasuwar Devaraja a rufe take. Zai kai ka wani gida a lungu, a nuna maka tsohuwa tana mulmula turare, a ba ka shayi, sannan a fito da kwalabe a farashi ninki-ba-ninki. Kunyar shayin da ka sha ita ce tarkon. Ka ce "beda" da murmushi ka ci gaba da tafiyarka. Sassaƙen sandal da carbi kuwa, ka saye su a shagon gwamnati na Cauvery da ke kan titin Sayyaji Rao, ka karɓi rasit. Guntayen ɗanyen ice da wani zai tallata maka a ɓoye, ka rabu da su, don fitar da su daga ƙasar na iya jefa ka hannun kwastan.

Kafin ka bar wajen, tsaya a shagon Guru Sweets da ke gefen kasuwar ka sayi alewar Mysore pak da ɗuminta. Garin wake ne irin nasu da man shanu da sukari, kuma masu shagon zuriyar Kakasura Madappa ne, mai dafa abincin fada da ake danganta ƙirƙirar alewar gare shi.

Mataki na biyar: yoga, ga mai so

Sunan Mysuru a wannan fanni ya fito ne daga Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Jaganmohan a shekarun 1930 da tallafin sarki. Cikin ɗalibansa akwai B.K.S. Iyengar da K. Pattabhi Jois. Jois ya buɗe makarantarsa a 1948, ya yaɗa salon Ashtanga, ya rasu a 2009. Saboda shi ne Gokulam ta cika da baƙi daga Turai, Amurka da Japan.

Tsarin koyarwar zai yi wa Bahaushe saukin ganewa, domin kamar makarantar allo yake: kowa na kan nasa darasin a ɗaki ɗaya, malam na zagayawa yana gyara, ba a ƙara maka sabo sai ka riƙe na baya. Ana farawa da asuba, ciki babu abinci, kwana shida a mako, ana hutawa ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa. Manyan makarantu sukan nemi ka yi rajista watanni kafin zuwa kuma ka zauna aƙalla wata guda, wasu ma ba sa karɓar sabon shiga. Mai kwana kaɗan ya nemi ƙananan makarantu masu karɓar kuɗin darasi ɗaya-ɗaya. Faɗa wa malami duk ciwon da kake da shi, na baya, gwiwa ko hawan jini, tun kafin a fara.

Maganar addini ba abin kaucewa ba ce. Darasin Ashtanga yakan buɗe da waƙen yabo cikin Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu, kuma jerin motsin farko sunansa gaisuwar rana. Malaman Musulunci sun yi magana a kai: majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan ibada da ke cikinta, ta Indonesiya kuma a 2009 ta hana mai haɗe da waƙe da ibada, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Shawarata ita ce ka tambayi malaminka tun a gida, Musulmi kake ko Kirista. In ka yanke za ka yi, ka gaya wa mai koyarwa a fili cewa motsa jiki da numfashi kawai ka zo koya, ba za ka yi waƙen ba. Wanda ya ƙi fahimta, ka nemi wani.

Ke kuma 'yar'uwa, ki sani a wannan salo malami yakan sa hannu ya gyara tsayuwar ɗalibi. Akwai mata malamai a Gokulam, ki nemi su. Kina da cikakken haƙƙin cewa kada a taɓa ki, kuma dogon wando da riga mai rufe jiki ba sa hana komai.

Mataki na shida: fada, dutse da Srirangapatna

Ka daidaita tafiyarka ta haɗa da Lahadi. Da rana ka shiga fadar Amba Vilas, wadda aka kammala a 1912 bayan ta katako ta ƙone a 1897 ana tsakiyar bikin aure. Ana cire takalmi, kuma kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Ka ɗaga kai ka kalli rufin gilashi mai zanen ɗawisu a zauren ɗaurin aure. Da ƙarfe bakwai na yamma ka dawo harabar, lokacin da ake kunna ƙwayayen lantarki kusan 100,000 a jikin ginin gaba ɗaya. Idan zuwanka ya faɗo a bikin Dasara na mabiya addinin Hindu, a Satumba ko Oktoba, za ka ga jerin gwanon giwaye, amma masauki yakan yi tsada da wuya, sai an kama tun da wuri.

Dutsen Chamundi yana da matakala kusan 1,000. A sama wurin bautar Hindu ne, ba dole sai ka shiga ba, ganin garin daga can ya isa lada ga wahalar hawa. Ka tafi da sassafe, ka ɓoye abinci saboda birai. Kirista kuma zai so ganin cocin St. Philomena mai dogayen hasumiyoyi biyu.

Rabin yini ka ba Srirangapatna, tsibiri a kogin Kaveri, kimanin kilomita 15 daga gari. Nan ce hedikwatar Haidar Ali da ɗansa Tipu Sultan, kuma nan Tipu ya faɗi yana yaƙi da Turawan Ingila ranar 4 ga Mayu, 1799. Ka ga masallacinsa, Masjid-i-Ala, da fadarsa ta katako Daria Daulat mai bango cike da zane, da hubbaren Gumbaz inda aka binne shi tare da iyayensa. Sunan Tipu yana ta da muhawara mai zafi a siyasar jihar, wasu na girmama shi wasu na sukarsa, don haka baƙo ya kalli tarihi ya bar gardama.

Ci da sha, da zama da mutane

Gidajen abinci da aka rubuta "veg" ba sa dafa nama ko kifi sam, wannan sauƙi ne ga mai kiyaye halal. A kayan kwali, ɗigon kore na nufin babu nama. Karya kumallo da dosa ko idli, waɗanda ake yi da ƙullun shinkafa kamar sinasir da masa, da kofi mai madara. Da rana nemi faranti mai shinkafa da miya iri-iri. In ka yi marmarin nama, biriyanin rago ko kaza a unguwannin Musulmi. Kada ka shiga neman naman shanu, dokar jihar ta tsananta a kan yankansu kuma batu ne mai taɓa zuciyar mutane. Ruwan gora mai hatimi kawai za ka sha, ko ruwan kwakwa da aka fasa a gabanka.

Za a kalle ka, wasu su nemi hoto da kai. Yawanci son sani ne, garin ya saba da ɗaliban Afirka a jami'arsa. In ba ka so, ka ƙi cikin ladabi. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza, lambar neman agajin gaggawa kuma 112 ce.

Haɗa kaya

Kwalaben mai ka naɗe bakinsu da salatif, ka sa kowace a leda mai zif, ka cusa su tsakiyar tufafi a akwatin da za a auna, domin jakar hannu ba ta ɗaukar kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100. Turaren tsinke ka raba iri-iri a leda daban, in ba haka ba kafin ka iso gida duk sun zama ƙamshi ɗaya. Sabulu yana da nauyi, ka auna akwati tun a otal. Rasit ɗin sandal da siliki su zauna tare da fasfo. Ranar komawa ka bar Mysuru aƙalla awa takwas kafin tashin jirginka: huɗu na hanya, uku na filin jirgi, ɗaya kuma na cunkoson da ba a rasa shi a bakin Bengaluru.